Gurasar Kanti a Gidan Mai Kisra

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini abin kunya a unguwarmu ta Zahir ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin na fara sana'ar girki a gida, ina neman aikin biki ko da guda ɗaya ne. Maƙwabciyarmu Hajiya Saude za ta aurar da jikarta, ta ce in kawo ɗanɗano su gani. Ni kuwa sarkin iyayi, shinkafa da kaza sun yi mini kaɗan. Na shiga kanti na sayo ledar tortila, gurasar alkamar nan mai laushi falle-falle. Na soya nama da albasa da tattasai, na zuba wake da cuku, na naɗe yadda mutanen Meziko suke yi (Mezikon da a waya kawai na san ta).

Matan gidan suka ci suka yaba. Hajiya kuwa ta warware tata, ta ɗaga gurasar tana jujjuyawa.

"Ya binti, 'yata, wannan ke kika yi ta?"

Don Allah mene ne laifin in ce a kanti na saya? Amma sai na ji bakina ya ce, "Da hannuna, Hajiya. Tun safe nake murzawa."

Na manta da wa nake magana. Matar nan ta Sudan iyayenta suka biyo, wajen gasa kisra, gurasar can mai falle-falle, ta yi furfura.

"Masha Allah! To halas, shi ke nan, ga gari, ga kasko. Yi mana biyu mu koya."

Mata bakwai suka kewaye ni a kicin. Na kwaɓa, ya yi ruwa. Na ƙara gari, ya yi tauri. Da ƙyar na murza guda ɗaya, ta fito da kusurwa biyar, tsakiya ƙonanne, gefe ɗanye. Zufa har cikin idona. Ba wadda ta yi dariya, kuma hakan ya fi komai ƙona mini rai.

Sai da na ɓata ta uku sannan Hajiya ta kashe wutar. "Bar shi haka, 'yata. Ta kanti ma mu muna saye. Tun da na ga duk girmansu ɗaya na gane."

Wato ta sani! Ta sani, ta zuba mini ido ina dambe da gari a gaban mutane!

Wata aka ba aikin bikin. Hajiya ta aiko cewa naman ya yi daɗi ƙwarai, amma ba za ta damƙa abincin baƙinta ga wadda sai an binciki maganarta ba.

Kwana uku na yi ina fushi da tsohuwa kafin na yarda ba ita ta sa ni ƙarya ba. Yanzu ko gishiri na aro, sai na faɗi gidan da na aro shi tun ba a tambaye ni ba.