Ranar da na tsaya gaida surukina wuta tana ci

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan kwana-kwana suka zo kasuwarmu wayar da kai ba. Ni tela ne a Kazaure, kuma ni ne sakataren ƙungiyar layin teloli. Ba don na fi kowa iya ɗinki aka ba ni muƙamin ba, don na fi kowa baki ne. In aka yi baƙi ni ake turawa gaba, ni kuma ban taɓa cewa a'a ba.

A lokacin ina neman auren Bilkisu. Manyana sun kai gaisuwa an karɓa, amma maganar sa rana ta tsaya cak, domin mahaifinta ya ce yana so ya ƙara lura da ni. Dattijo ne mara yawan magana, ya daɗe yana aikin kashe gobara, saura kaɗan ya yi ritaya. Har yau sunansa ba ya fita daga bakina, Baba kawai nake cewa. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake sauka daga babur in tuɓe takalmi in durƙusa. Na riga na ƙudurta cewa da ladabi zan ci wannan jarrabawa, don haka na ba ladabi ƙarfi sosai.

Ranar taron, wani matashin jami'i ya yi mana bayani mai amfani: kada a bar dutsen guga a jone idan an ɗauke wuta, kada a ajiye jarkar fetur kusa da janareto, kada a watsa ruwa a wutar lantarki. Daga nan aka koma gwaji. Sun kafa wata 'yar rumfar kara da zana a filin bayan kasuwa, nesa da shaguna, aka zaunar da mutum-mutumi a ciki. Ni na ɗinka shi da hannuna, na cusa masa ƙyallaye, na sa masa tsohon kaftanina da hula. ('Yan layinmu har suna suka raɗa masa, wai Alhaji Tsumma.)

Jami'in ya ce za a cinna wa rumfar wuta. Motarsu tana bayan tasha, kuma ba za ta motsa ba sai wani daga cikinmu ya buga waya ofis ya faɗi inda wutar take, da abin da take ci, da ko akwai mutum a ciki. Ya ce, "Ban da dogon zance. Wa zai gwada?"

Hannuna ya riga na kowa tashi. Dama Bilkisu ta gaya mini Baba zai tafi garin Roni irin wannan aiki, saboda haka na ga fili nawa ne, har ina fatan labarin bajintata ya same shi a can. Ashe da safen an sauya tsari, an bar shi a ofis yana amsa waya.

Aka ƙyasta ashana. Jami'in ya buɗe muryar wayar, ya kara ta da lasifika don kowa ya ji ya koya, ya miƙo mini. Ringi ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum, ofishin kashe gobara."

Muryar Baba ce. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Sai ganina na yi a durƙushe a tsakiyar fili, waya a hannun dama, lasifika a hagu, kaina a sunkuye.

Na ce, "Baba, barka da hantsi."

Ya ce, "Yauwa. Me ya faru?"

"An tashi lafiya, Baba? Ya ƙoƙari? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Malam, me ya faru?"

"Ya jikin Hajiya? Na ji an ce ƙafar ta ɗan matsa mata."

Duk wannan fa kasuwa tana ji. Jami'in yana ta kaɗa mini hannu yana nuna rumfar, ni ma ina jin zafin wutar a ƙeyata. Wallahi ba mantawa na yi ba, na san abin da ya kamata in faɗa. Amma ta yaya zan buɗi baki in ce wa mutumin da nake neman 'yarsa ya tashi ya rugo? Sai na sassauta murya na ce, "Dama Baba, wata 'yar wuta ce ta ɗan kama. Amma idan kuna wani uzuri ba matsala, sai ku gama tukuna."

"A ina?"

"Nan wajenmu ne, Baba."

"Akwai mutum a ciki?"

Na waiwaya. Rufin rumfar ya riga ya rufta, ba abin da ya rage na Alhaji Tsumma sai bakin hula yana hayaƙi. Na ce, "Da akwai, Baba, amma ina jin ya riga mu gidan gaskiya."

Baba ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya kashe waya.

Na sha jin dariya a kasuwa, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Har Sarkin Kasuwa sai da ya rufe fuska da hannun riga. Motar ta zo ta jiƙa toka, jami'in kuma ya nuna ni ya ce wa jama'a, "To kun ga yadda ba a so a yi." Kafin la'asar sunana ya koma Barka-da-Hantsi, har masu acaɓa da ban taɓa sani ba suna kirana da shi.

Dariyar ba ta dame ni kamar saƙon Bilkisu ba. Ta ce da Baba ya dawo gida ba faɗa ya yi ba, cewa kawai ya yi, "Yaron yana da ladabi. Amma ina tunanin ranar da risho zai kama a gidansa, ke kina ciki." Daga nan ba a ƙara tayar da maganar sa rana ba. Gaskiya na ji tsoro, domin na san maganarsa tana kan hanya, kuma ina son yarinyar nan.

Ana haka, wata rana da azahar maƙwabcin shagona ya tafi masallaci ya bar dutsen guga a jone, aka kawo wuta bayan tafiyarsa. Hayaƙi na gani yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga shagon cike da yadin mutane. Na buga lambar nan. Baba ne ya sake ɗauka. Na fara durƙusawa kamar yadda na saba, sai na riƙe ƙarfen rumfa gam na ce, "Baba, wuta ce. Layin teloli, bayan masu hula. Lantarki ne, yadi take ci, ba kowa a ciki." Na kashe wayar tun bai amsa ba, na ruga na sauke makunnin layinmu. (Ni ne na kashe wa surukina waya a kunne. Har yanzu in na tuna sai in yi mamakin kaina.)

Motar ta zo da wuri, wutar ba ta tsallaka shago na gaba ba. Ana naɗe tiyo sai ga Baba a kan tsohon babur ɗinsa. Ya duba shagon, ya dube ni, ya ce, "To Malam, yanzu sai ka gaishe ni."

A cikin caɓin ruwa da toka na durƙusa. Na jero gaisuwar tun daga hantsi har ƙafar Hajiya, shi kuma ya amsa kowace ɗaya a natse, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ka ce wa baffanka ina nemansa."

Abin da na koya ke nan: in wuta ta tashi, gaisuwa tana iya jira, kuma dattijon kirki ba zai riƙe ka ba. Bilkisu tana ɗakinta yanzu, Baba kuma ya yi ritaya. Sai dai har gobe in na buga masa waya, kafin in buɗi baki zai ce, "Wuta ce ko gaisuwa? In gaisuwa ce, bari in nemi kujera."