Farfesun da na yi wa yatsan surukina

Farkon zaman Nasara a Sakkwato, babban yatsan ƙafar surukina ya kumbura, ko zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Ni da na taɓa riƙe wa wanzami ƙaho sau ɗaya, na gyara rawani na ce, "Baba, ƙarancin jini ne. Hanta da ƙoda kullum."

Kwana tara ina kai masa farfesu har gidansa a Dundaye. Yatsa ya koma kamar albasa. Da muka kai shi a kan jaki wurin likitan Nasara, tafintan likitan ya ce, "Ciwon gaɓɓai ne na yawan cin nama. Wa ke ba shi?"

Baba ya nuna ni da sanda.

Har yau mahauta na hango ni sai su ɗaga hanta: "Likita, yau ƙafar wa za a ciyar?"