Jariran Farfesa Taswira

Allah ya yi wa unguwar Tsohuwar Masaƙa ta birnin Toledo gata da ya ba ta Norbert Dombek. Mutum ne da ya san kowa a unguwar ba tare da ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Da ya yi ritaya daga sayar da inshora sai ya zama shugaban ƙungiyar unguwa, da gagarumin rinjaye, don shi kaɗai ya tsaya takara. Mata suka raɗa masa Farfesa Taswira. Ya ɗauka yabo ne, har ya buga a katinsa.

Iliminsa kaf yana cikin wata taswira da wani kamfani ya zana daga ƙidayar jama'a. An shafa wa unguwar ruwan ɗorawa, an rubuta mata "Matasan Iyalai Masu Tasowa". Shekarar ƙidayar tana can ƙasan taswirar, an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe. Farfesa kuwa ba ya sa tabarau a gaban mutane, wai yana tsufar da shi.

Abin da ya tsone masa ido shi ne ɗakin taro, inda tsofaffi ke haɗuwa duk Alhamis su sha miyar kabeji su buga karta. Gertrude Malinowski, wadda mijinta ya rasu, ranar ce kaɗai take cin abinci da wani mai rai ban da kyanwarta.

"Jama'a," in ji Farfesa a taro, yana dukan taswira da biro, "kimiyya ta yi magana! Yara talatin da huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar muke da su. Ɗakin nan zai koma gidan raino."

"Norbert, yaushe rabonka da jin kukan jariri a titin nan?" in ji Gertrude.

"Madam Malinowski, ke da kunne kike aiki. Ni da alƙaluma."

Aka kwashe teburan karta, aka jera kujerun roba ja da shuɗi, tsayinsu bai kai gwiwa ba. Ranar buɗewa ta faɗo Alhamis. Farfesa ya sha kwat, ya tsaya bakin ƙofa da almakashin yanke zaren buɗewa yana jiran iyaye. Waɗanda suka zo tsofaffi ne goma sha tara, da sanduna da tukunyar miya. Ƙaramarsu shekararta sittin da shida.

"Iyayen suna wurin aiki," in ji shi. "Alamar tasowa kenan."

Don ya nuna ingancin kaya, sai ya zauna a kujera ja. Zama ya yi kyau. Tashi ya gagara. Gwiwa ta ƙage, ƙugu ya cije, kujera ta kama shi ram. Aka kira motar asibiti.

Wani ƙato cikin ma'aikatan motar ya shigo, da gemu da tumbi da sanƙo. Ya ɗaga Farfesa cak, har da kujerar manne a bayansa.

"A'a, Darnell!" in ji Gertrude. "Ya mamanka a Florida?"

"Lafiya lau, Anti Gertrude. Har yanzu ana miyar nan?"

Gertrude ta bi gadon marasa lafiya da aka ɗora Farfesa a kai har ƙofa, ta zare mabuɗin ɗakin daga aljihun kwat ɗin Farfesa.

"Norbert, ka gaisa da Darnell. Ina tsaye aka ƙirga shi a ƙidayar taswirar nan taka, yana cikin zanin goyo. Ga ɗaya ka samu. Saura talatin da uku."

Ta juya ta ce a dawo da tebura, miya na hucewa.