Tazarcen Alhaji Badamasi

Wani mutum ne a garinmu, Alhaji Badamasi, wanda in ka gaishe shi da safe, kafin ya gama amsawa kokonka ya huce. Shi ne wakilin hukumar birni a kwamitin Cibiyar Dattawa, wurin nan da tsofaffin ma'aikata ke taruwa su sha shayi, a auna musu jini, su buga dara suna tsegumin ciwon gwiwa.

Tun ana zama a benci yake riƙe da muƙamin, har aka sayo kujeru masu soso, har soson tasa ya lotsa ya ɗauki siffarsa. A gilashin motarsa ya manna WAKILIN BIRNI da manyan baƙaƙe. Kowace Alhamis bayan an ci abincin rana, sai ya miƙe, ya saɓa babbar riga, ya yi wa dattawa jawabi. Daga tarihin cibiyar ya faɗa tarihin kansa, daga nan ya koma farko don waɗanda suka makara.

"Ni fa in ina magana ko tari ba a yi," haka yake faɗa a majalisa. "Tsofaffin alƙalai, tsofaffin sojoji, kowa sai gyaɗa kai. Wani har lumshe ido yake don maganar ta ratsa shi."

Kwatsam sai hukuma ta fito da doka: wakili ya yi zango biyu ya sauka, a ba wani. Malama Zulai, jami'ar walwalar jama'a, ita ta kawo saƙon.

Alhaji ya yi dariya. "'Yata, wannan dokar ta ƙananan wakilai ce."

"Ba ta ware kowa ba, Alhaji. Sai dai in dattawan da bakinsu suka nuna akwai aikin da babu mai iya yi sai kai. Sai in kai maganar gaba."

"Shi ke nan? Sa rana."

Alhaji ya shiga gari da goro da zuma da man zafi. Ya fara da Baba Ɗangoggo, tsohon direban jirgin ƙasa.

"Baba, so suke su cire ni. Jawabin Alhamis ya ƙare ke nan."

Baba ya zaro ido. "Jawabin? Ba za ta saɓu ba. Ni zan fara magana."

Iya Tabawa, tsohuwar ungozoma, har da kama masa hannu. "Ɗan nan, jawabinka magani ne. Allah ne shaida."

Kan Alhaji ya ƙara girma, hula ta matse. Ya gayyato maroƙi, ya gayyato mai hoto, ya aika mota aka ɗauko surukinsa, mahaifin uwargida, ya zo ya ga irin mutumin da ya ba 'yarsa.

Ranar taro zaure ya cika. Alhaji ya ce zai ɗan yi gabatarwa a taƙaice. Ya yi gyaran murya, ya ɗauko daga ranar da aka share filin cibiyar. Kafin a kai ga aza harsashi, kawuna sun fara sauka suna tashi. Ya kashe wa Malama Zulai ido, wato kin gani? Daga can baya wani sauti ya taso, gurrr, gurrr.

"Fanka ce," in ji Alhaji. "Na sha ce musu a gyara ta."

"Ai ba wuta, Alhaji," in ji Malama Zulai. "A bar dattawa su yi magana."

Sai da aka taɓa Baba Ɗangoggo sau biyu. Firgigit ya tashi, ya goge baki da hannun riga.

"'Yata, ku ji tsoron Allah ku bar mana mutumin nan. Ni tunda na bar aikin jirgi idona ya bushe. Babu asibitin da ban je ba. Amma Alhaji na cewa 'idan ba ku manta ba', sai in ji kamar an lulluɓe ni."

Maroƙi ya buɗe baki zai yi kirari, ya rasa ta inda zai kama, ya mayar ya rufe.

Iya Tabawa ta karɓe. "Ni likita ya hana ni ƙwayar barci saboda zuciya. Yanzu duk Alhamis jinina sauka yake. Har filo nake zuwa da shi a jaka, ga shi nan."

Ta ɗaga filon. Ƙyas, mai hoto ya ɗauka.

"Iya," in ji Alhaji, "ai gyaɗa kai kuke."

"Muna gyaɗawa mana. Wuyan tsoho ina zai riƙe kai cikin barci?"

Malama Zulai ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na girgiza. Da ta samu numfashi ta ce, "To, gaskiya wannan aiki ne da babu mai iya yi sai shi."

Alhaji ya ɗan ɗago. Ko ba komai, kujera kujera ce.

Nan Malam Na'iya, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya ɗaga sanda. "Kada a karya doka a banza. Na naɗe shi a waya tun bara. Kuma na wayar ya fi, in ka farka sai ka kashe."

Ya latsa. Muryar Alhaji ta cika zaure: "Idan ba ku manta ba..." Baba Ɗangoggo ya yi hamma. Iya ta gyara filo.

Zufa ta karyo wa Alhaji. Ya juya wajen surukinsa ko zai sa baki. Tsoho ya jingina da bango, hula ta zamo kan hanci, baki a sake.

Malama Zulai ta tattara jakarta. "Doka na nan, Alhaji. A kankare rubutun gilashi." Ta sunkuya wajen Malam Na'iya, ta miƙa wayarta da hannu biyu.

"Baba, don Allah a tura mini. Ina da jaririya mai rigima."