Wasiyyar da Na Bari a Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Scotland ba, ko da kuwa na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina. Har yau idan ta faɗo mini a rai ina zaune, sai in ga na miƙe zumbur ina zagaya ɗaki kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando.

Lokacin ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Manchester. Ina zaune a wani ɗan fulat a Levenshulme, saman shagon mai gyaran waya, tagata na kallon Stockport Road. Ni dama tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya (mahaifiyata ta ce ko a goye mutsu-mutsu nake yi har sai zani ya kwance). Ga shi kuma rubutun bincikena ya tsaya cak a babi na huɗu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sai in buɗe kwamfuta, in rufe, in hau bas in je Rusholme, in bi shaguna ina leƙe, in dawo ban sayi ko albasa ba.

Amma ainihin abin da ya hana ni sukuni Zainab ce. Tana karatun haɗa magunguna a Birmingham, a gidan yayanta Dakta Kabiru take zaune, shi likita ne a can. Mahaifinsu ya rasu, saboda haka duk mai son Zainab sai ya bi ta hannun Dakta. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ba ka gane fushinsu ba ka gane murnarsu. Sau biyu na hau jirgin ƙasa na je gaishe shi, na durƙusa har gwiwata ta yi tsami, abin da na samu bai wuce "Madalla" da "Ya karatu?" ba. Wata biyar ina jiran ya ce in turo magabata, shiru.

Wata rana muna waya Zainab ta ce, "Ai Yaya babu abin da yake so kamar hawan dutse. Duk lokacin zafi sai ya kwashi abokansa sun tafi can ƙuryar arewa, inda ko sabis babu."

Ban bari ta rufe baki ba na ce ta roƙar mini a saka ni a guruf ɗinsu na waya. Aka saka ni. Maimakon in yi sallama in kama bakina kamar kowane baƙo, sai na rubuta: "Mu ai a gindin dutse aka haife mu. Hawa a jininmu yake."

(Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Gidanmu a Kano bai da nisa da Dala. Na taɓa hawansa sau uku, ta matakala, kuma kowane hawa sai na zauna na huta a tsakiya.)

Da yamma sai ga kiran Dakta, karo na farko da ya taɓa kira na.

"Malam, ka tabbata ka saba? Wurin nan babu gida babu shago. Idan mutum ya ɓata, sai dai Allah."

"Haba Yaya Dakta," in ji ni, "ai wannan wasa ne."

"Madalla," ya ce, ya kashe.

Ranar Juma'a bayan asuba suka biyo ta Manchester suka ɗauke ni. Su huɗu ne, Dakta ke tuƙi, a gefensa abokinsa Injiniya Bashir, mutum mai barkwanci da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ni aka ba can baya, kusa da jakunkuna, sanye da sabon takalmin hawa da na saya jajibirin tafiyar, wanda tun kafin mu bar gari ya fara cin dunduniyata. Muka wuce Glasgow, hanya ta yi ta tsukewa, gidaje suka ƙare, sai tafkuna da tumaki da duwatsu baƙaƙe da kawunansu ke cikin gajimare. Na yi ta tambayar saura nawa mu isa har sai da Bashir ya ce zai biya ni in yi barci.

A nan ne hannuna ya faɗa kan wata roba a cikin jakar abinci. Dambun nama ne, Zainab ta yi wa yayanta. Na ce bari in ɗan ɗanɗana hannunta, tsunkule ɗaya kawai. Mutumin da ba ya iya zama shiru, ga tafiyar awa tara. Kafin mu isa, sai mai ya rage a gindin robar. Na tura ta ƙarƙashin kujera.

Muka kwana a wani ɗakin dutse da makiyaya suka bari, ba wuta ba famfo. Da safe Dakta ya yi ta zazzage jaka yana cewa, "Ikon Allah, da hannuna na saka dambun nan." Ni ne na fi kowa taya shi nema. Har ɗaga tabarmar kwana na yi.

Muka kama hawa. Sunan dutsen har yau harshena bai iya furta shi ba. Su suna tafiya a hankali da sandunansu, taku ɗaya-ɗaya kamar masu rakiyar gawa, ni kuwa jikina ya ƙi yarda. So nake in riga kowa isa ƙololuwa, Dakta ya ɗago kai ya gan ni tsaye a sama, iska na kaɗa rigata.

"Malam, kada ka yi mana nisa," ya ɗaga murya. "Yanayin nan minti biyar ya ishe shi ya juya."

Na ɗaga masa hannu irin na ƙwararru, na ƙara sauri.

Bai ma kai minti biyar ɗin ba. Wani farin hazo mai jiƙa kaya ya sauko ya rufe komai, ko takalmina da ƙyar nake gani. Na juya, babu kowa. Na kira, iska ta kwashe muryar. Da mai hankali ne sai ya tsaya inda yake ya jira. Ni sai na yi dama, na dawo hagu, na sake yin dama, har na rasa inda hanya take. Ina cikin wannan kai-komo na taka wani jiƙaƙƙen falalen dutse, ƙafata ta goce, na tafi suuu a kan cikina, farcena na kankarar dutse, har ƙafafuna suka tsaya a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin littafi ba.

Na manne da dutsen, kumatuna a jikinsa. A ƙarƙashina ruwa ne ke ruri. Na ƙi yarda in kalli ƙasa, domin zuciyata ta riga ta zana mini ramin: zurfin bene ashirin, da kogi a gindinsa. Ƙafata ta dama ta kama rawa da kanta kamar tana taka keken ɗinki. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, amma na isa inda na tabbata kwanana ya ƙare.

Sai na ce, to, kada in tafi ban bar magana ba. Da hannu ɗaya na zaro waya, yatsuna sun sandare. Babu sabis, amma na san idan an tsinci gawata aka sauko da wayar, saƙon zai tafi. Na danna sunan yayata Binta da ke Kano (haka dai na ɗauka), na yi mata saƙon murya na minti huɗu, ina kuka da majina. Ina gamawa wayar ta mutu saboda sanyi.

Can sai na ji haushin kare. Na ce shi ke nan, kunnena ya fara jiye-jiye. Sai kuma murya, da Turancin mutanen wurin:

"Ɗana, me kake yi a nan?"

Daga bayana maganar ta fito, kusa-kusa. Na juya wuya a hankali. Wata tsohuwar Baturiya ce, za ta haura saba'in, da sanda da hular ulu, karenta na shinshinar takalmina. Kanta daidai ƙuguna yake. Na sake dubawa. A ƙasa take tsaye. A kan hanya.

"Sauko da ƙafarka," ta ce. "Kamar za ka sauka daga bas."

Na sauko da ƙafa. Tsakanina da ƙasa bai kai kamu biyu ba. Kogin da nake ji kuwa wata 'yar ƙorama ce da karen ke tsallakewa ba tare da ya jiƙa ciki ba.

Ita ta riƙe mini hannu har inda su Dakta suke, sun rarrabu suna ta ƙwala mini kira. A hanya na roƙe ta da duk Turancin da na sani kada ta faɗi yadda ta same ni. Allah ya saka wa matar nan, abin da ta ce musu kawai shi ne, "Ga naku na tsinto muku," ta wuce abinta. Na ce musu wata hanya na je dubawa. Dakta ya kalli wandona da ya yage a gwiwa, ya kalli idona da ya kumbura, ya ce hazo ya yi yawa, mu koma. Saboda ni ba su kai ƙololuwar ba, bayan tafiyar yini guda. Na ce a raina, alhamdu lillahi, asiri ya rufu.

Ranar Lahadi da hantsi muka kamo hanyar gida. Na jona wayata a caji, niyyata tana kawowa in goge saƙon kafin hankalin Yaya Binta ya tashi. Sai Bashir ya ja ni da hira, yana tambayata duwatsun da na hau a Najeriya, ni kuma ina ta jero masa sunaye (har da waɗanda a mota kawai na taɓa wuce su). Muna gangarowa wani ƙauye sai wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, sabis ya dawo.

"A'a," in ji Bashir, wanda wayarsa ke haɗe da sifikar mota. "Ga saƙo a guruf daga gwanin hawa. Minti huɗu! Bari mu sha ilmi."

Na yunƙura in fizge wayar, bel ɗin kujera ya dawo da ni. Sai ga muryata ta cika motar, da sheshsheƙa:

"Yaya Binta, ki yafe mini, ni dai tawa ta ƙare. La'ilaha illallahu. Ki ce wa Umma ƙarya ce ta kashe ni. Wallahi ban taɓa hawa komai ba sai Dala, shi ma ta matakala. Wayyo ƙafata. Ki nemi Zainab ki gaya mata ita ce fitilar zuciyata, ita ce sanyin idona, kada ta auri ɗan Birmingham. Kuma a gaya wa yayanta ni na cinye dambun, robar na ƙarƙashin kujera. Ya yafe mini. Duk don shi na zo wurin nan, mutumin da fuskarsa kamar ƙofar banki ranar Lahadi, wata biyar ko murmushi..."

Sauran ba sai na faɗa ba. Akwai wurin da na yi ta kiran sunan Umma kawai.

Bashir ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na girgiza. Na kusa da ni ya sunkuya, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya zaro robar, ya miƙa gaba. Dakta ya karɓa da hannu ɗaya, ya duba cikinta, ya ajiye, ya ci gaba da tuƙi. Ko ta madubi bai kalle ni ba.

Awa takwas suka rage mana. Ban san akwai azaba irin wannan ba. Na ƙirga tumaki, na ƙirga fitilun hanya, na kwance igiyar takalmi na ɗaure ya fi sau talatin. Da muka tsaya salla na yi tunanin in sulale in nemi bas. Na tsara jawabin ban-haƙuri kala biyar a kaina, ko ɗaya bai iya fitowa ba. Can wajen Preston sai ga saƙon Zainab, kalma biyu kacal: "Fitilar zuciya?" Ashe Bashir ya tura wa matarsa, ita kuma ta yi abin da ya dace, ta tura wa Zainab.

Da la'asar sakaliya muka tsaya a ƙofar gidana. Dakta ya fito da kansa ya buɗe but, ya miƙo mini jakata. Na durƙusa a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo.

"Yaya Dakta, don Allah..."

"Tashi, Malam." Na miƙe. "Na ƙirga, sau bakwai ka yi kalmar shahada. Kuma mutumin da yana ganin mutuwa bai manta da haƙƙin dambu ba, ina ganin zai riƙe amana. Ka ce wa magabatanka su je wurin kawunmu a Kano."

Na buɗe baki in yi godiya, ya ɗaga hannu.

"Amma maganar fuskata, za mu zauna a kanta."

Yau shekararmu uku da aure da Zainab, 'yarmu ɗaya. Har yanzu ba mu zauna ɗin ba, kuma duk ranar da ya ce "Malam, zo mana," sai in fara neman ƙofar fita. Abin da na koya dai shi ne, idan ka ga kamar ajali ya iso, kafin ka fara tona wa kanka asiri, daure ka leƙa ƙasa tukuna. Idan kuma ajalin ne da gaske, yi salatinka ka bar waya a aljihu.