Gidan Katina da Aka Farke a Barnawa

Ba zan taɓa mantawa da walimar Barnawa ba, kuma ko na so, mutanen unguwarmu ba su da niyyar barina.

Shekarar da soja suka koma bariki ne. Masaƙar Kakuri da na yi shekara sha ɗaya ina zana mata furannin atamfa ta sallame mu, ga iyali. Gari kuwa kowa ya zama ɗan kwangila, kowa da ɗan katinsa mai suna da muƙami, ni ma na bugo nawa. Maƙwabcina Bitrus ya ce surukinsa ya ci kansila, yana neman wanda zai zana atamfar ankon matan mazaɓarsa, in zo walimar kansilan ya gabatar da ni. Da aikin nan nake sa ran ɗora tukunya a gidana.

Sai girman kai ya motsa. Ni mai zane guda, in zaro kati a cukuikuye daga aljihu? Na zana gidan kati da hannuna na kai wa Malam Tanko baduku a Makera: jar fata, baƙin ɗinki a gefe huɗu, dagi a tsakiya, tuntu biyu, da igiyar ratayawa a wuya. Ya juya takardar ya ce in cire tuntun da igiyar, don abin zai yi kama da laya. Na ce masa shi ɗinki ya sani, zane nawa ne. (Har yau in na wuce rumfarsa sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.)

Ranar walima rana ta ƙwalle. Bitrus ya ja ni gaban Honarabul kansila, na zura hannu cikin riga na jawo abina. Ashe gumi ya jiƙa fatar, murfi ya ƙi zaruwa. Na ja, na murɗa, na kai baki ina hura masa iska, ina ta bisimilla ƙasa-ƙasa, idona kuwa ƙur a kan mutumin don kada ya juya wurin wani. Mutumin da tun ranar zaɓe ake ce masa maƙiya za su jefe shi!

Matarsa ce ta fara. "Yesu! Ku riƙe shi, tofi yake yi!"

Honarabul ya yi baya har da kujerar, farantin shinkafa ya bi shi. Ƙarti biyu suka cafe ni. Bitrus na ta rantsuwa cewa ya san ni, ba mai sauraronsa. Liman da fasto da ke babban tebur bakinsu ya zo ɗaya: a farke a gani. Aka kawo reza, ina kallo aka tsaga dagin da na yi kwana uku ina zanawa. Katuna suka zube. Wani ya ɗauki ɗaya ya karanta da ƙarfi, Manajan Darakta, da adireshin ɗakin hayata. Aka kwashe da dariya, wata mata ta ce ashe ma ba boka ba ne, mai neman aiki ne. Wallahi wannan ta fi yi mini ciwo.

Aiki dai ban samu ba. Honarabul ya aiko Bitrus cewa hankalinsa bai kwanta da zanen hannuna ba.

To ni ma ban ba kowa haƙuri ba. Zanen ya yi kyau, kuma ko gobe haka zan faɗa. Na mayar wa Malam Tanko ya ɗinke, tuntun ma na hana a taɓa. Abin da na koya kawai, in baduku ya ce abu ya yi kama da laya, to ya yi ɗin, sai ka san inda za ka ciro shi. Kwanaki a motar Kakuri wani ɗan sane ya zare shi daga aljihuna. Ya dube shi, ya dube ni, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, don Allah a yafe mini."

Na ce zan yi tunani.