Kwanukan Inna a Saman Soro

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan 'yata ta biyu ba, kuma ko na so in manta, matan Yakasai da suka halarta ba za su bar ni ba. A lokacin Turawa ba su tafi ba, maza na ta zancen mulkin kai a zaure, mu kuwa muna cikin gida da namu sha'anin.

Abin ya samo asali ne daga rasuwar mahaifiyata, Inna. Ni kaɗai ce 'yarta mace, saboda haka yayyena suka ce kayan ɗakinta duk na koma hannuna, su ba su da abin yi da su. Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta san a zubar ba. Tasoshi, kwanuka, fanteka, akusa, ƙorai manya da ƙanana, faya-fayai, ludaya, ga adudu maƙare da tsofaffin zannuwa. Aka kwaso duka aka jibge mini a ɗaki, a kan jeren da aka yi mini na aure.

Ɗakin ya koma sai a karkace ake shigarsa. Maigidana, Malam (baduku ne a kasuwar Kurmi, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana), in zai shigo sai ya tattare rigarsa kamar mai tsallake kwata. In zan yi salla sai na ɗaga adudu na ɗora a gado kafin in sami wurin shimfiɗa tabarma. Har kunama muka kashe a ƙarƙashin ƙorai. Sau ɗaya ya yi mini maganar rage kayan, a hankali ma ya yi ta, na fashe da kuka, bai ƙara ba.

Ba rowa ba ce, wallahi. Yawancin kayan ko kyauta aka ba wani sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Amma duk abin da na ɗauka sai in ga hannun Inna a kansa. Akusan nan har lokacin suna ƙamshin miyarta. Sai nake ji kamar in na fitar da su, ita na fitar.

Da cikina ya tsufa, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Gwale don ta ga shirin da na yi, tunda ita za ta zauna da ni wankan jego. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, a ina za ki haihu? A cikin fanteka?"

Ta nuna mini cewa ungozoma ba ta da inda za ta durƙusa, kuma mai jego sai da garwashi a ɗaki, ga tsummoki ga ƙorai ga jinjiri. In wuta ta kama, wa za a fara ɗauka?

Muka yi kwanaki muna tsinta. Sai ta ɗaga abu ta tambaye ni yaushe rabona da amfani da shi, ni kuma in ƙago masa aiki nan take. (Na taɓa tsayawa tsayin daka a kan wani ludayi marar mariƙi, wai ya fi kowanne daɗin ɗiban gishiri.) Gwaggo ba ta musu da ni, sai dai ta dube ni har in ji kunya in ajiye shi a tsakar gida da kaina. A ƙarshe tarin ya kusa kai mini ƙirji. Ta ce in aika a kira dillaliya ta kwashe masu kyau, sauran a bayar sadaka ladan ya kai ga Inna. Ta koma Gwale haɗo kayanta.

Tana fita na zauna na sa tarin a gaba. Na yi niyyar aikawa, Allah ya sani. Amma da na tuna za a shimfiɗa tasoshin Inna a gidajen da ba a san ta ba, ana jujjuya su ana kushewa, sai zuciyata ta ƙi.

Gidanmu akwai matakala zuwa saman soro, inda nake shanya kuɓewa da barkono. Da rana tsaka, Malam na kasuwa, na dinga jidar kayan ina hawa da su, da wannan uban ciki, ina nishi ina hutawa. Na jera su a kusurwa har suka zarce rawanin ginin, na lulluɓe da tsofaffin tabarmi, na danne da duwatsu. Shirina shi ne in an yi arba'in Gwaggo ta tafi, in sauko da abina. Da ta dawo ta tambaya, na ce an kwashe. Ta sa mini albarka har idonta ya kawo ruwa. Na kau da kai na ce amin.

Na sauka lafiya. Ɗaki fes, iska na shiga na fita, kuma (in faɗi gaskiya) na ji daɗinsa. Abin da na manta shi ne bazara ta zo ƙarshe.

Ranar suna da la'asar tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon tuwo da masa da goro. Ina zaune a bakin ƙofa cikin sabon zane, hannu da ƙafa sun sha lalle, kai a sunkuye kamar ta kirki. Sai Gwaggo ta sami wuri ta fara ba da labarina. Ta ce su leƙa ɗakin nan su gani, yarinya ƙarama ta iya rabuwa da kayan uwarta saboda Allah, alhali ga manyan mata nan da ko fasasshen kasko ba sa iya yarwa. Mata na ta jinjina kai suna sa mini albarka. Ba wadda ta kula da hadarin da ya haɗo daga gabas.

Iskar farko faifai ɗaya ta kawo. Ya sauko yana lilo ya sauka a tsakiyar jama'a, wata ta ɗauka ta fara fifita da shi. Ni kuwa na gane shi, na Inna ne. Sai murfin kwano ya biyo baya, ya gangara yana ƙara har gaban Gwaggo ya kife. Daga nan iska ta yaye tabarmin gaba ɗaya.

Ƙorai suka dinga zubowa. Ludaya, murafe, faya-fayai, tsofaffin zannuwa na tashi sama suna maƙalewa a igiyar shanya. Wata ƙwarya ta faɗa cikin tukunyar miya. Mata suka kwashi 'ya'yansu suka yi ƙarƙashin rumfa. Fanteka guda ta tsallake katanga ta faɗa lungu, muna jin wani bawan Allah na sallama a zaure wai ga kayan gidan nan. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo.

Da iskar ta ɗan lafa, sai Iya Falmata, tsohuwar maƙwabciyar Inna, ta sunkuya ta ɗauki wata tasa, ta juya gindin tasar, ta ce ai wannan ta marigayiya ce, ita ma ta raka ta saye. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi saman soro, ta sauke ta dube ni.

"Dillaliyar taki a sama take da zama?"

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta a kunnena. Na ja mayafi na rufe fuska na rarrafa cikin ɗaki, ina fatan ƙasa ta tsage.

Ruwa ya sauko, mata suka tattaro kayan suka tara a rumfa. Can sai ga Gwaggo ta shigo, na shirya shan faɗa. Amma zama ta yi a gefen gado, riƙe da wata ƙwarya da ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta. Tana shafa ɗinkin da yatsa. Ta ce ta san wannan hannun, tare suka zauna ranar da Inna ta ɗinke ta.

"Ni na yi miki gaggawa," in ji ta. "Ni ma kallabinta na nan cikin aduduna, ban ko wanke shi ba."

Muka yi kukanmu mu biyu. Da muka share hawaye sai ta ce, tunda ga waɗanda suka san Inna Allah ya tara su, kuma ruwa ya hana su tafiya, me zai hana kowacce ta ɗauki abin da ta gane?

Haka aka yi. Iya Falmata ta ɗauki tasar. Wata ta ɗauki akushin da ta ce a ciki Inna ta kai mata tuwo lokacin da take takaba. Kowacce ta ɗaga abu sai ta faɗi wani labari, wasu ma ban taɓa jin su ba. Abin mamaki, ko kaɗan ban ji zafin bayarwar ba, don na san gidan da kowane kwano zai kwana. Na riƙe 'yan kaɗan na kaina. Zannuwan kuwa sai da na yi watanni ina fitar da su ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da na ji zan iya.

Da aka ba Malam labari bai yi dariya ba. Cewa ya yi ai ya ga tarin tun ranar da ya hau gyaran indararo, ya dai ƙara dutse a kan tabarmar ya sauko.

Yarinyar an raɗa mata suna Hauwa, amma har ta yi jikoki Mai-kwano ake kiranta a unguwa.

Abin da na koya shi ne, kayan mamaci ba a rabuwa da su rana ɗaya, kuma sun fi sauƙin fita in hannun da ya san mai su ne zai karɓa. In kuwa mutum ya nace sai ya yi ƙarya ya ɓoye, to don Allah ya nemi wurin da ba a saman kan baƙinsa ba.